Ina Muka Tsaya, Tela?

Asabar, da hantsi

Yau ma sun zo. Masoyan Malam nake nufi, maza da mata, da shugaban ƙungiyarsu, wani dogo mai farin gilashi wanda bakinsa ba ya hutawa. Tun da fim ɗin nan ya fito gidanmu ya koma tasha. Na tsayar da keken ɗinki, na kai musu ruwa falo, na dawo ɗakina ina jin su ta ƙofa.

Dogon yana cewa, "Malam, wallahi ba mu taɓa ganin wasa irin wannan ba. Wurin nan da kake kan dandali, jawabi ya ɓace maka, hannunka yana rawa, ka juya ka ce ina muka tsaya. Ni da girmana sai da na zubar da hawaye." Wata ta ce ta maimaita wurin har wayarta ta yi zafi. Wani ya ce kamata ya yi a riƙa nuna wa yara masu koyon wasa, su ga yadda manya suke yi.

Malam sai murmushi yake, yana madalla, madalla. Mijina ya iya riƙe fuska, tun yana saurayi yake kan dandali. Ni kuwa ina zaune na soke yatsa da allura ban ma ji ba sai da na ga jini a kan yadin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lahadi, bayan azahar

Bari in rubuta shi a nan, tunda ba ni da kunnen da zan zuba wa.

A fim ɗin Malam ya fito a tsohon ɗan wasan dandali, za a rufe gidan wasansu, ya hau ya yi wa 'yan kallo bankwana. A rubuce jawabin dogo ne, kuma tsohon yana kai shi har ƙarshe. Na san shi kamar yunwar cikina, don tun aurenmu ni nake riƙe masa takarda. Ina taka keke, yana zagaya ɗaki yana faɗa, in ya kakare in jefa masa kalma ya cafe. Kayan wasansa ma ni nake ɗinkawa, shi ya sa har yau ba ya kirana sai Tela.

Ranar ɗaukar wurin ina tsaye gefen kyamara da allura a bakin mayafi, ko maɓalli zai cire. Ya fara lafiya lau. "Ku da kuka shigo ta ƙofa, da ku da kuka hauro katanga, sannunku da zuwa. Katakon nan ya san tafin ƙafata fiye da ɗakin kwanana. A nan na yi sarauta..." Sai ya tsaya. Ya maimaita. Ya sake tsayawa. Ya juyo wajena ya ce, "Ina muka tsaya?"

Ni yake tambaya. Ni, matarsa, ba wani ɗan kallo ba.

Na faɗa masa, na ƙara faɗa da ƙarfi, ya yi ta kallon bakina kamar wani yare nake yi. Daraktan kuwa yana da wata ɗabi'a da yake alfahari da ita, wai ba ya tsayar da kyamara sai ɗan wasa ya bar wurin da ƙafarsa. Haka ya bar ta tana cin mijina. Daga baya suka goge muryata, suka jefar da sauran jawabin, suka rufe fim da wannan. Abin da duniya take tafa wa ke nan.

Talata, da yamma

Ya fita sayen batirin rediyo. Mai wankin bakin layi ne ya rako shi gida, wai hira ce ta ɗebe su. Na gode wa mai wanki. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Alhamis, da rana

Mun je wajen likita. Ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba.

Asabar, bayan la'asar

Yau na ga ta kaina. Dogon ya dawo da mutanensa, wai sun kama zauren taro, za su yi wa Malam yammacin karramawa ƙarshen wata, kuma roƙonsu ɗaya ne, ya hau dandali ya yi musu wurin bankwanan ido da ido. Ina tsaye da tire a hannu, kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Zan yi."

Suna fita na rufe ƙofa na hau shi. Na ce haba Malam, da muguwar rawa ai gara ƙin tashi. Na ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na faɗi wasu ma da ba su kamata ba. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce in zauna.

Ya ce, "Tela, kina zaton ban sani ba? Faɗuwata suke yabo. Duk wanda ya riƙe hannuna ya ce na iya, ji nake kamar ya tuɓe mini riga a kasuwa. Jawabin nan ya tsaya mini a wuya. Ina so in faɗe shi sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, a gaban mutane, kafin..."

Bai ƙarasa ba. Wannan karon ba mantuwa ba ce.

Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Litinin, da safe

Auta ta kira. Ita ce 'yarmu ta ƙarshe, tana aure nesa, kuma bakina ta ɗauko kaf. Ta ce, "Mama, ki hana shi. In ya tsaya a can ya rasa inda yake, kowa da waya a hannu, kafin ku iso gida an watsa. Haka kike so a tuna da Baba?" Na ce ke kika san yadda ake hana ubanki abu, zo ki gwada. Ta yi kuka, na yi kuka, kati ya ƙare.

Gaskiyarta ne. Shi ma gaskiyarsa ne. Ni ce a tsakiya kamar yadi a bakin almakashi.

Laraba, da hantsi

Na tafi shagon Dogon ba da sanin Malam ba. Kayan lantarki yake sayarwa. Na shirya maganata tun a hanya, zan ce a ɗage, zan ce jikin Malam ba daɗi. Yana ganina ya miƙe, ya kore yaransa daga kan benci, Mama sannu, Mama ga lemo. Sai ya jawo kwali ya zaro riga ya baza mini. An buga fuskar Malam a gaba, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe, INA MUKA TSAYA?

Ya ce, "Mama, ba ki san abin da bawan Allahn nan ya yi mana ba. Mahaifina ya yi irin wannan lalurar kafin ya rasu. Da na ga Malam a wurin nan, wallahi babana na gani. Yadda ya kwaikwayi idon nan! Ta yaya mai lafiya zai san wannan?"

Mutumin nan ba mugu ba ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da mugu ne da na san abin da zan yi da shi. Na ce ɗinkin wuyan rigar bai yi kyau ba, na sha lemona na fito.

Alhamis, bayan azahar

Mun fara bita. Ya kai sarauta ya tsaya.

Juma'a, da yamma

Ya kai sarauta ya tsaya. Ya jefar da hula.

Lahadi, da hantsi

Na je wajen daraktan, don an ce shi zai tsara dandalin. Na same shi yana cin gyaɗa ƙafa kan tebur. Na ce masa ya san abin da ya faru ranar nan, kada ya raina mini hankali. Ya sauke ƙafa dai, ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. In ya tuna, ya yi kyau. In ya manta, ai shi mutane suke so. Ta ko'ina ba mu da asara."

Ba mu da asara! Na ce Allah ya ba ka tsufa, ɗana, ya kuma ba ka mai riƙe kyamara. Ban san na iya irin wannan addu'ar ba.

Talata, da safe

Malam ne ya kawo dabarar, ba ni ba. Ya ce a zamaninsu, kafin a san kyamara, ba a haddace magana a zaune. Kowace jimla da wurinta a kan katako. Wannan a nan ake faɗinta, ka taka zuwa can ka ɗauki ta gaba. Ya ce, "In kai ya yasar, ƙafa tana tsincewa."

Muka ture kujerun falo jikin bango, na naɗe darduma, na ɗauko allin da nake zana yadi na yi masa alamu a siminti. Maraba a bakin ƙofa. Sarauta kusa da taga. Daga taga ya taka zuwa inda rediyo yake, sai na ji ya ce, "a nan na yi sata, a nan na mutu ban san iyaka ba, na tashi na karkaɗe riga na tafi gida."

Ya wuce! Ya wuce sarauta! Na yi guɗa ni kaɗai kamar mahaukaciya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko Auta ce ta haihu.

Laraba, da rana

Ya kai wajen firji. Saura kaɗan.

Alhamis, da hantsi

Yau ya fito daga wanka ya ga allin a ƙasa ya ce wane ɗan banzan yaro ne ya ɓata mana falo. Ya ɗauko tsumma. Na riƙe tsumman, ya riƙe, muka yi ta ja kamar yara. Ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba, ya ce ni wace ce da zan hana shi share gidansa.

Ni wace ce.

Na sake masa. Ya goge tas. Bayan ya kwanta na durƙusa na sake zanawa, gwiwoyina suna ƙara. Ya Allah, ba na roƙon ka mayar mini da shi duka, na san ba a yi haka da kowa ba. Yammaci ɗaya nake roƙo.

Juma'a, bayan la'asar

Ban yi ɗinki ba kwana da kwanaki. Mai atamfar biki ta zo ta kwashe kayanta tana tsaki. Ta tafi da su, Allah raka taki gona.

Lahadi, da safe

Auta ta iso da jaka, da niyyar ta hana. Ta shigo ta tarar da ubanta a tsakiyar falo yana takawa daga alama zuwa alama, ya yi duka, har jimlar ƙarshe, "Mai kashe fitila, ka yi haƙuri in sauka tukuna." Ya juyo ya ce, "A'a, Autata, yaushe a gari?" Ta ajiye jaka ta ce, "Baba, sake yi in ji." Ya sake, ya ɓace a wajen taga.

Da muka keɓe a kicin ta ce, "Mama, rabi da rabi ne." Na ce ai na iya lissafi. Ba ta ƙara zancen hanawa ba, ta karɓi takardar ta ce in je in huta. Hutu kuma? Na zauna na ƙara wa rigar wasansa ƙarfi a hammata, wadda ba abin da ya same ta.

Talata, da yamma

Bai wuce maraba ba.

Laraba, da yamma

Ya yi duka, har da ɗaga hannu. Na daina murna, murnar tana gajiyar da ni fiye da kukan.

Juma'a, da hantsi

Na je zauren da tef ɗin awo da alli. Mai gadi ya ɗauka labule na zo aunawa, ya buɗe mini. Dandalin ya fi falonmu faɗi, amma na auna daidai da na gida, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa rediyo, daga rediyo zuwa firji, har zuwa alamar ƙarshe, na zana ƙananan alamu yadda na ƙasa ba zai gani ba. Na tsaya a kan ta ƙarshe na dubi kujerun nan babu kowa. Gobe duk za su cika da mutanen da suke ƙaunarsa, kuma su nake tsoro fiye da maƙiya.

Na roƙi mai gadi kada a yi shara a sama. Ya ce shara dai ba ta dame shi ba.

Asabar, bayan magariba

Mun dawo. Ya ci abinci ya kwanta. Ni kuwa dole in rubuta.

Zauren ya cika har bakin ƙofa, rabinsu sanye da rigar nan. An yi jawabai, an ba shi allon yabo, Dogon ya yi ta zuba har sai da aka ja masa riga. Ni da Auta muna tsaye a gefen labule. Na gyara wa Malam hula, na raka shi har alamar farko, na ce ga ƙofar falo nan. Ya dubi ƙasa ya ce, "Na gani, Tela."

Ya fara. Muryar nan ta da, wadda take kaiwa kujerar baya ba da lasifika ba. Mutane suna bin sa da baki, sun haddace farkon. Ya taka zuwa taga. "A nan na yi sarauta." Zauren ya yi tsit, wayoyi duk sun tashi sama, har na ji wata a layin gaba ta fara raɗa masa tambayar nan ta cikin fim, ta ƙagu.

Ya ɗaga ƙafa ya taka. "A nan na yi sata."

Auta ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Ya wuce rediyo. Ya wuce firji. Ko tuntuɓe bai yi ba. Ni kuwa ina jin 'yan kallo sun fara guna-guni. Wani ya ce, "A'a, ba haka yake a fim ba." Wata ta ce ko ya manta wurin da zai manta ne, aka yi 'yar dariya. Wayoyi suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Mutumin nan yana ɗauke da dutse a ka yana haye kogi, su kuwa suna duba agogo.

Ya kai alamar ƙarshe, ya ɗaga hannu, ya ce, "Mai kashe fitila, ka yi haƙuri in sauka tukuna."

Ya faɗi duka. Ko wasali bai zubar ba.

Tafi ya tashi tsilli-tsilli, irin na kunya. Ni da Auta ne muke yi da gaske, a bayan labule inda ba mai ganinmu.

Sai na ga bai motsa ba. Ya dubi ƙasa, alli ya ƙare. Wayyo ni! Makonni muna bita a falo, kullum in ya kai ƙarshe sai ya zauna a kujerarsa, ba mu taɓa yin sauka ba. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Fitila tana cikin idonsa. Hannun ya fara rawa. Ya juya baya, ya sake juyowa, ya ce da wata ƙaramar murya, "Tela? Tela, ta ina ake fita?"

Zauren ya fashe. Suka miƙe tsaye gaba ɗaya, tafi kamar rufin zai faɗo, ana kiran sunansa, ana fito. Dogon ya cire gilashi yana sharɓar kuka. Na hango daraktan yana gyaɗa kai. Mijina yana tsaye a tsakiyarsu yana nemana, su kuwa suna cewa kai, wannan ya fi na fim.

Ban san lokacin da na hau ba. Na kama hannunsa, ya riƙe ni gam kamar yaro a tasha. Da suka gan ni tafin ya ƙaru, sun ɗauka ni ma cikin wasan nake. Muna tafiya gefen labule ya sunkuyo ya ce, "Kin ji su? Na faɗi duka ko?"

Na ce, "Ka faɗi duka, Malam."

Ya ce, "To shi suke tafa wa."

Na ce shi ne.

Lahadi, da safe

Ya tashi da wuri, ya sha shayi, ya tsaya a falo yana kallon allin. Ya ce, "Tela, yaushe ne wasan nan? Kada lokaci ya ƙure mana."

Na ce an yi jiya, ka hau, ka kai shi har ƙarshe, ni da Auta shaida ne. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce in daina lallashinsa kamar jariri, shi ya san jawabin nan bai taɓa fita daga bakinsa duka ba. Ya je ya tsaya a bakin ƙofa, kan alamar farko, ya gyara hula.

Na ɗauko takardar.